Fitilar da Aka Ɗora wa Asiya

Fitilar ba ta kai girman ƙwayar gujiya ba. Ruwan ɗorawa ce, tana zaune a kusurwar tablon motar su Huzaifa, wato allon nan da ke gaban direba, kuma tun ranar da ta kama, Asiya ba ta sake cin abinci da daɗi a gidan mijinta ba. Ni Basira na san wannan zance ciki da bai, domin katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Dogon Dutsi, katangar ma gajeriya ce, sannan maigidana Munkaila shi ne makaniken da ake kai wa motar. Abin da aka yi a gareji nakan ji shi da yamma, abin da aka faɗa a tsakar gidansu kuwa ba sai an ba ni labari ba.

Gidan na Hajiya Adama ne da 'ya'yanta biyu. Abdul'aziz babba, mai kanti a kasuwa, shi ya sayo motar. Huzaifa ƙaninsa shi ke tuƙa ta, yana kai kaya kasuwannin ƙauye, yau Dogon Kiriya, gobe Geceme. Asiya matar Huzaifa ce, 'yar Lugu, da 'yarta ɗaya, Nusaiba, wadda ta fara tafiya amma tana kan nono. Mutanen gidan masu bin wa'azi ne sau da ƙafa. Ba sa rataya laya, ba sa shan rubutu, in ka ce kada a zauna bakin ƙofa sai su karanto maka aya su ce camfi shirka ne. A unguwarmu har kunyar su ake ji.

Fitilar ta kama ne ranar da Huzaifa ya ɗauko Asiya daga wani suna a Lugu. Suna shigowa gari ta kunna. Da ya faka a zaure ya faɗa wa yayansa, Hajiya na zaune tana gyaran wake, sai ta ɗago.

"Daga ina kunka hito?"

"Daga Lugu, Inna."

"Uhm," in ji Hajiya, ta ci gaba da gyaran wakenta. Wannan uhm ɗin na ji shi daga madafata, kuma raina bai so shi ba.

Washegari na kai wa Munkaila abinci gareji, na tarar da motar a gindin dogon yaro. Ya jona balis, wato na'urar nan mai kama da ƙaramin akwati da ke karanta ciwon mota, a wani rami ƙarƙashin sitiyari. Huzaifa na tsaye kansa yana kaɗa makulli.

"Patron, mi tac ce?"

"Ta ce injin na shan iska ya hi mai," in ji Munkaila. "Kamar a dama maka hura a cika mata ruwa. Ciki ya cika, ƙarhi babu. Ba ka ji tana hizga in ka hau rairai?"

"Tana yi kaɗan."

"To ko iska na shiga ta inda bai kamata ba, ko mai ba shi isowa. Bari mu gani."

Ya buɗe kapo, wato murfin gaban mota, injin na aiki, ya kara kunne. Ni da nake gefe ma na ji wani siririn sauti kamar na tayar keke mai sacewa. Ya ɗebi ɗan isansi, wato fetur, a sirinji ya bi wani ƙaton tiyon roba yana ɗigawa, da ya zo wani lanƙwaso sai kukan injin ya ɗaga. Ya lanƙwasa tiyon da hannu, tsagar ta buɗe baki kamar faso. Bai tsaya nan ba. Ya kashe motar ya kwance buji ɗaya, wato fulogi, kansa fari fat kamar an shafa masa alli, ya ce na mota mai lafiya ruwan ƙasa yake. Daga nan ya ɗaura agogon awo a hanyar mai, allurar ta tashi da ƙyar ta tsaya rabin hanya. Da ya cire matatar mai ya zazzage ta a gwangwani, abin da ya fito ko guiɓin randa bai kai shi dauɗa ba, har da yashi.

"Cuta biyu ta," in ji shi. "Tiyo ya tsage, hwamhwon cikin tanki ya gaji. Wane mai kaka zuba mata?"

"Na gidan mai."

"Huzaifa, ni da kai mun san na 'yan ruwa-ruwa na, na kwalba. Kuma kana barin tanki shi ƙahe kahin ka zuba. Shi ka kashe hwamhwo."

Huzaifa ya waiwaya ya dube ni, ya rage murya. Tun ranar da aka sayo motar Abdul'aziz ya hana shi zuba mata man kwalba, ya rantse in ya kama shi zai karɓe makulli ya ba wani. Gyaran gaske kuwa sai an aika Yamai an sayo famfo, motar ta kwana biyu a gareji, ka ga dole maganar ta kai kunnen mai ita.

"Goge mini hutilar kawai, Patron."

"Gogewa ba wuya. Amma ka sani za ta dawo. In mota ta yi 'yan tahiye-tahiye, ƙwaƙwalwarta ta sake ganin cutar, sai ta kunna. In kac ci gaba haka injin zai riƙa zahi har shi ƙone bawul."

"Pas de problème. Sati mai zuwa sai mu yi babban aikin."

Munkaila ya naɗe tsagar da salatif don ta ɗan riƙe, ya danna balis, fitilar ta mutu. Haka ake yi wa kowa, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Da yamma na ji Abdul'aziz yana tambayar ƙaninsa abin da aka gani. Ina tankaɗe, sai da na ajiye rariyar don in tabbatar kunnena bai yi mini ƙarya ba.

"Yaya, Munkaila ya duba dut, balis ba ta ga komi ba. Ya ce lahiyarta lau."

"To mi yas sa ta kama?"

Kafin Huzaifa ya nemo wata ƙaryar, Hajiya ta amsa masa. "Abin da na'urar nasara ba ta gani ba, ai kun san ba na ƙarhe na ba."

Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Hajiya dama ba ta taɓa son auren nan ba, ba don Asiya ta yi mata komai ba, sai don sunan garinsu. Asiya ta fi ni riƙon salla nesa ba kusa ba, ubanta ladan ne, amma a wurin Hajiya duk wanda ya sha ruwan Lugu, garin da ya yi suna da bori, da doguwa a bayansa.

Bayan 'yan kwanaki fitilar ta dawo, kamar yadda Munkaila ya faɗa. Hajiya ta ce Asiya ta je gida ta gaida uwarta ta ɗan kwana biyu. Ranar da ta tafi Huzaifa ya biya gareji aka goge. Asiya ta dawo, ba da jimawa ba fitilar ta kama. Aka sake tura ta gida, aka sake gogewa. Na farko dai a ce sa'a ce. Na biyu kuwa na rantse shiri ne, don sai da ya ga ta hau motar haya sannan ya juya kan tasa ya nufi gareji. Ka ji yadda aka samu hujja: in tana nan wuta, in ba ta nan duhu. Ko alƙali aka kai wa wannan sai ya yi jim.

Daga nan kwanakin Asiya suka fara lalacewa. Aka hana ta bi ta zaure inda motar ke kwana, ta koma fita ta ƙofar awaki. Aka ware mata kwano da moɗa. In ta yi wanki ba za ta zubar da ruwan a tsakar gida ba, sai ta ɗauka a ka ta kai bayan gida. Wata rana ta tafi famfo ɗibar ruwa, Hajiya ta shiga ɗakinta ta zazzage akwati, ta samu wani ɗan ƙulli a tsumma. Dauri ne na haƙorin yara, irin wanda kowace uwa a Arewa ta sani, ni ma da nawa a ɗaki. Aka ƙone shi a tsakar gida ana kabbara.

Da na haɗu da Hajiya a wajen niƙa na ce mata, cikin ladabi, ashe su ma sun fara yarda da farar ƙafa. Ta gyara hijabinta ta dube ni sama da ƙasa.

"A'uzubillahi. Mu ba mu camhi, ɗiyata. Amma aljani gaskiya na, sihiri gaskiya na, suna cikin Littahi. Taka-tsantsan muka yi."

An ƙi cin biri an ci dila ke nan.

Ranar na zayyana wa Munkaila abin da ake yi da gogewar da yake yi. Ya sa takalmi ya tafi kantin Abdul'aziz. Ya faɗa masa komai, tiyo da famfo da yashin da ya fito, ya ce ya zo gareji da kansa ya gani da idonsa. Abdul'aziz ya saurare shi har ƙarshe yana jan gemu, har da sa a kawo masa ruwan sanyi.

"Malam Munkaila, na gode. Amma ƙanena ba shi yi mini ƙarya. Ku kuma masu gyara, ba ina zarginka ba, kowa na son a sayi kaya."

"Ka kai ta wajen wani shi duba. Ni ba sai na gyara ba."

"Za a duba in Allah ya so. Ni ban ce yarinyag ga ta yi wani abu ba. Amma mahaihiyata ta ga abin da tag gani, kuma ba ni tsayawa gaban uwa in ce ta yi kuskure saboda tiyon roba."

Munkaila ya dawo gida ransa a ɓace. Ya ce ya ga idon mutumin, ya san ya yarda, amma yarda da makanike na nufin ƙaryata uwa da ƙane rana ɗaya, ƙaryata matar ƙane kuwa ba ta cin komai. Da Huzaifa ya sake zuwa neman gogewa Munkaila ya ce masa ya gama. Huzaifa bai ko ji haushi ba. A tasha akwai wani mai ƙaramar na'ura da ake jonawa da salula, wanda ba ya tambayar kowa komai, can ya koma.

Sai aka kawo mai ruƙiyya. Bayan la'asar ne, yaran unguwa sun cika ƙofar gida. Aka zaunar da Asiya a tabarma, aka lulluɓe ta da zane, aka tura mata kaskon hayaƙi ƙarƙashi. Mutumin yana karatu da ƙarfi a kunnenta, in ya tsaya sai ya daka tsawa.

"Wa ke nan? Hwaɗi sunanka! Wa ya aiko ka gidan ga?"

"Ni ta, Malam," in ji Asiya tana tari. "Asiya ta. Ba kowa."

"Ƙarya kaka yi! Hito!"

Na ji saukar tsumagiya a kan zane, na ji Nusaiba ta tsala ihu tana son zuwa wurin uwarta. Aka daɗe ana haka. Da mutumin ya gaji ya ce wannan mai taurin kai ne, irin na gado, ba ya magana a zaman farko. Kuma ya ba da shawarar da ta fi tsumagiyar ciwo, ya ce irin wannan yakan bi ta nono.

A yammacin nan aka yaye Nusaiba. Ba a shirya ba, ba a tambayi uwar ba, Hajiya ta ɗauke yarinyar ta kai ɗakinta ta ce daga yau nan za ta riƙa kwana. Washegari na leƙa ta katanga na ga Asiya zaune a bayan rumbu, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, idanunta sun yi ja, zazzaɓi na kaɗa ta. Na miƙa mata kunun kanwa a ɓoye. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ban iya riƙe bakina ba, na faɗa mata duk abin da na gani a gareji, ban rage komai ba.

Ta saurara kamar ana ba ta labarin wata. "Ke nan shi ya sani?"

"Tun rana ta hwarko."

"Basira, ni da na yi zaton ko da gaske wani abu na bi na. Har na hwara tsoron kaina." Ta share fuska da gefen zane. Na ce ta tattara kayanta ta tafi gidan ubanta kafin su kashe ta. Ta girgiza kai. "In nit tahi da ƙahwata za su riƙe yarinyata. Yanzu sun yaye ta, ba ni da hujja. Ko duka za su yi kullum, in dai ina ganin ta, na zamna."

Ta jira har rana ta yi tsaka, Hajiya ta shiga ƙailula, Huzaifa ya dawo cin abinci. Ɗakinsu na jikin katangarmu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Nusaiba, an ce tiyo na da hwamhwo."

Na ji ya ajiye cokali.

"Wa yag gaya miki?"

"Gaskiya ta ko ƙarya?"

"Asiya, ki yi haƙuri. Ni na san ba ke ta ba. Ai ban taɓa cewa ke ta ba, ko kin taɓa ji daga bakina?"

"To ka hwaɗa wa Inna."

"Ki hwahimce ni. In Yaya ya karɓe makulli, da mi za ni ci da ku? Ke magana ta kawai aka yi miki, magana ba ta hudan jiki. Bari kasuwa ta ɗan buɗe in gyara ta a ɓoye, hutila ta mutu, kowa shi manta."

"An raba ni da ɗiyata."

"Tana ɗakin kakarta, ba daji anka kai ta ba. Ça va passer."

Ya ci abincinsa, abincin da ta dafa, don a wannan gida hannunta bai da kyau a kan mota amma yana da kyau a kan tukunya. Ya wanke hannu ya fita. Na taɓa ganin mugaye masu zage-zage da masu duka, amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne irin Huzaifa, mai taushin murya, wanda zai ba ka haƙuri yana tsaye a kan ƙafarka.

Motar kuwa ba ta san ana siyasa da ita ba. Salatif ya saki, famfo ya ƙara gajiya. Kowace safiya muna jin ta, sai an yi ta murza makulli kafin ta tashi, in ta tashi ta yi ta tari tana harbin bindiga ta baya. Munkaila yakan tsaya da butar alwala a hannu ya saurara, ya ce wannan injin ana dafa shi da ransa. Rannan a hanyar Dogon Kiriya, cikin rairayi, da kaya niƙi-niƙi, ta mutu ta ƙi tashi. Rana ta narkar da abin da za ta narkar, buhunan sukari suka sha mai, sai da aka samo wata babbar mota ta jawo ta gari. Kasuwar ranar ta wuce su.

A ƙofar gida aka yi taron. Abdul'aziz yana huci yana tambayar ƙaninsa yadda aka yi. Ga dama ta zo har gida, kalma ɗaya ta isa. Huzaifa ya dubi ƙasa ya ce shi dai bai sani ba, lafiya lau ya fita, sai dai da safe ya ga an shanya zane a igiyar da ke kusa da zaure. Bai ce zanen wa ba ne. Ba sai ya ce ba.

Hajiya ta shiga gida ta tsaya a tsakar gida. "Huzaifa, yau ka zaɓa. Ko wagga ta bar gidan ga, ko ni in bar shi. Ba ni zamnawa a kashe mini ɗa bisa hanya."

Nan haƙurina ya ƙare. Ban tsaya neman mayafi ba, na zagaya na faɗa gidan, na ce Hajiya ki ji tsoron Allah, tiyo ne ya tsage, famfo ne ya mutu, man kwalba ɗanki ke zubawa, a gabana aka zazzage yashi. Na ce a kira Munkaila, a kira kowane makanike a Dogon Dutsi, a buɗe kapo a gaban jama'a. Na juya na ce Huzaifa ya rantse da Alƙur'ani in ƙarya nake yi.

"Rantsuwa a kan abin duniya ba ta kamata ba," in ji Abdul'aziz.

Hajiya kuwa ko gezau. "Matar makanike ta zo tallar mijinta. Hita mini gida, marar kumya."

Huzaifa bai dube ni ba, bai dubi Asiya ba. Ya ce ya sake ta saki ɗaya, da muryar nan tasa mai taushi, kamar mai neman a miƙo masa gishiri. Su da suka fi kowa sanin cewa mace a ɗakinta take idda, ba su bari ta ƙara kwana ba. Ta nemi ta tafi da Nusaiba, Hajiya ta ce yarinya ta yayu, ɗiyar ubanta ce, kuma ba za a kai jininsu inda ake yanka wa duwatsu kaji ba. Ni na raka Asiya tasha, na ɗauki akwatin, ita kuma ta riƙe ƙullin kayanta a ƙirji da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba sai da motar hayar ta fara motsi.

Ka zaci yanzu Huzaifa zai gyara motar, tunda wadda ake ɗora wa laifi ta tafi? Gyara na nufin sabon famfo, sabon famfo na nufin tambaya. Abin da ya yi, ya kai motar tasha aka lallaɓa ta ta tashi, aka sake naɗe tiyo, sannan aka kwance tablo aka cire ƙwan fitilar ɗungum. Munkaila ya gane da kallo ɗaya, don fitilar lafiya takan kama in an murɗa makulli sannan ta mutu in injin ya tashi, wannan kuwa ko ƙyaftawa ba ta yi. Hajiya ta soya masa, wato waina, ta raba sadaka, har da aiko mana, don mu ji haushi. Duk wadda ta shigo gidan sai an ba ta labari: tun da matar nan ta tafi, wuta ba ta sake kamawa ba. Matan unguwa da suka san gaskiya suka ce Allah ya kyauta, suka ci masa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ba jahilci ne ya kori Asiya ba. A gidan nan ba wanda bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko, sai tsohuwar, kuma ita ma ta san abin da take yi. An ga tsagar da ido, an taɓa yashin da hannu, na'ura ta faɗa, makanike ya faɗa, maƙwabciya ta faɗa. Sai dai gaskiyar tana da tsada ga maza biyu da uwarsu, ita kuwa baƙuwar da aka auro daga ƙauye ba ta da mai tsaya mata a gidan. Aka shafa mata kashin kaji, aka yi alwala aka tafi masallaci.

Asiya ta fara zuwa ranar kasuwa. An hana ta shiga gidan, don haka gidana take sauka, ta zauna a gindin katanga inda za ta ji muryar 'yarta, in an yi sa'a yarinyar ta fito ƙofa sai in ɗauko mata ita na ɗan lokaci. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Takan kawo ƙuli-ƙuli da 'yar riga, ni nake kaiwa in ce ni na saya, don in aka ji daga Lugu suka fito wuta za a sa musu.

A zuwanta na ƙarshe da hantsi ta iso, ta tarar ana fama da motar. An loda kayan Geceme tun safe amma ta ƙi tashi. Huzaifa na murza makulli, injin ya yi kamar zai kama sai ya shaƙe, wani wari kamar na ƙonannen ƙarfe ya cika unguwa. Munkaila na gida ranar, ya saurara ya ce mini a hankali, bawul ya tafi. Muna jin takun Abdul'aziz yana kai da komo a zaure.

"To yanzu kuma mi na? Hutila ba ta kama ba, matar ta tahi. Huzaifa, kai nika tambaya. Mi na?"

Makullin ya daina kuka. Asiya ta ɗago kai, ni ma na kasa kunne, don na ce yau dai ƙarya ta ƙare, ba sauran wanda za a nuna. A cikin shirun muka ji 'yar muryar Nusaiba tana gwalantunta a zaure, tana buga wani abu da tafin hannu, kamar gefen taya.

"Yaya, ni ban sani ba," in ji Huzaifa a hankali. "Amma tun da sahe yarinyag ga taka taɓa ta."

"Na hwaɗa!" in ji Hajiya. "Malam ya ce abin a nono shike, mun makara wajen yaye. Ku janye ta nan! Kar ta sake kusantar zauren ga!"

Muka ji an fizgi yarinyar, ta fasa kuka, kukan ya ratsa tsakar gida ya yi can ƙurya, aka rufe ƙofa a kansa. Asiya ta miƙe ta dafa katangar da hannu biyu, ƙuli-ƙulin da ke cinyarta ya watse a ƙasa. Ta daɗe a haka tana sauraro, sannan ta juyo ta dube ni.

"Basira, ni da sunka kore ni ina da Lugu. Ita ina za su kora ta?"